Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu buga takardu na Damagaram: ku tambayi yaron kafin ku buga masa CV

Zuwa ga ƙannena maza da mata masu buga takardu a sakatariya da sibar na birnin Damagaram, daga Zango da Birni zuwa Sabon Gari da Garin Malam, har da waɗanda suka kafa tebur da kwamfuta ɗaya a bakin hanya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da zama gaban na'ura tun hantsi har la'asar sakaliya, da haƙurin jiran wuta idan ta ɗauke ana tsakiyar shafi. Ba ku san ni ba, amma ni na san hannunku. Na yi shekaru ina cikin waɗanda ake jibge wa dosiye a gaba idan ƙungiya ta buɗe gurbin aiki a jiharmu. Abin da kuka buga da safe, shi nake karantawa da yamma.

Na daɗe ina tunanin rubuta wa matasa masu neman aiki, sai na ga ba su ne a bakin zaren ba. A garin nan ba mai CV ne ke rubuta CV ɗinsa ba. Yaro ya gama lisans a Jami'ar André Salifou, ko yarinya ta fito daga makarantar koyon aikin lafiya, ko wani ya gama koyon walda, ba shi da kwamfuta a gida. Zai ɗauko diplom ɗinsa a cikin leda, ya zo wurinku, ya ce: «A yi mini CV.» Daga nan makomar takardar tana hannunku. Shi ya sa na ce da ku zan yi magana.

Na san yadda ake yi, don na tsaya na gani. Ana buɗe CV ɗin wanda ya zo jiya, a goge suna a sa sabo, a canza ranar haihuwa da sunan makaranta, a liƙa hoto, a fitar. Kafin shayi ya huce an gama. Yaron ya karɓa yana murna saboda takardar ta yi kyau, ga launi ga layuka. Wata shekara muna neman masu tattara bayanai a ƙauyukan Magarya da Dungas, na ci karo da CV uku a jere waɗanda babu abin da ya bambanta su sai suna. Dukkansu «masu kuzari ne, masu tsantseni, masu son aiki tare da jama'a». Dukkansu abin da suke so a lokacin hutu shi ne karatu da wasanni da tafiye-tafiye. Ɗaya daga cikinsu namiji ne, amma an bar masa kalmar «née» ta mace, kuma lambar wayar da ke ƙasan shafi na biyu ba tasa ba ce. Na ajiye su ukun gefe. Har yau abin yana damuna, don ban san abin da kowannensu ya iya ba, takardar ba ta gaya mini ba, kuma ba ni da lokacin da zan bi su gida in tambaya.

Ya kamata ku san yadda ake karanta abin da kuke bugawa. Dosiye na iya kai ɗari biyu ko uku a kan gurbi biyar, mu kuwa mutum uku ne a ɗaki, an ba mu kwana biyu. A gabanmu akwai jadawali da aka ciro daga sanarwar aikin: wane diplom, shekara nawa a irin wannan aiki, wane harshe, akwai takardar tuƙi ko babu. A zagayen farko ido yana gudu ne a rabin shafin farko yana neman waɗannan abubuwa. In ya gan su, takarda ta shiga tulin da za a sake dubawa. In bai gan su ba, ta tafi, ko da suna ɓoye a shafi na uku. Don haka roƙona na farko shi ne kada ku taɓa madannai sai kun ga sanarwar. Ku ce wa yaron ya nuna muku ita, ko a wayarsa ce ko hoton da ya ɗauka a allon ofishin ANPE, hukumar samar da aikin yi. Takardar da za a kai matatar mai ta SORAZ don neman aikin walda ko tuƙi ba za ta zama ɗaya da wadda za a kai ƙungiyar da ke yaƙi da tamowa a Matamai ba, ko da mutum ɗaya ne ke nema. A ta farko injin da ya taɓa riƙewa ne zai hau sama, a ta biyu ƙauyukan da ya shiga da harshen da ya yi magana da iyaye mata.

Sai babbar magana, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Idan kuka tambayi matashi wane aiki ya taɓa yi, yawanci zai sunkuyar da kai ya ce bai taɓa aiki ba. Kada ku yarda da wannan amsa. A wurinsa aiki shi ne wanda ake biyan albashi a ƙarshen wata, a buro mai fanka. Ku sake tambayar ta wata hanya. Ku ce: tun da ka bar makaranta, ina kake wuni? Wa ya taɓa damƙa maka kuɗi ko kaya ko yara ya tafi ya bar ka? Ka taɓa shiga rigakafin shan inna? Rabon gidan sauro fa? Ka yi sitaj, a ina, wata nawa, me aka bar ka ka yi da hannunka? Bautar ƙasa ta shekara biyu, a wace ma'aikata, wane aiki ya hau kanka? A nan ne za ku ji abin mamaki. Wannan ya riƙe littafin bashi na shagon mahaifinsa a kasuwar Dole shekara huɗu. Wancan yana koya wa yaran unguwa lissafi da dare, bara ma wasu cikinsu sun ci BEPC. Wata ta yi damina biyu tana bin gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Wani shi ne sakataren fadarsu, shi ya tara kuɗin yashe magudanar ruwa kafin damina, shi ya rubuta wanda ya biya da wanda bai biya ba. Wani ya yi aikin gina ramukan rabin-wata masu tare ruwan sama don farfaɗo da ƙasa, har aka ɗora shi a kan mutum ashirin yana auna musu fili. Duk wannan aiki ne, kuma shi mai ɗaukar ma'aikata yake nema, domin yana nuna an taɓa ba mutum amana ya riƙe.

Me ya sa yaranmu ke ɓoye irin wannan? Tarbiyya ce. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma ɗa mai kunya ba ya lissafa alherinsa a gaban manya. Ban ce a zubar da wannan tarbiyya ba, ni ma a cikinta na tashi. Amma ku dubi abin da ke faruwa: yaron ya ji kunyar faɗin aikin da ya yi da gaske, sai samfurin da ke cikin kwamfutarku ya zo ya yabe shi da kalmomin da bai ma san an sa ba, wai mai ƙwazo, mai hazaƙa, mai juriya. To wannan shi ne ainihin yabon kai, kuma babu wanda ya yarda da shi, don kowa haka ya ce. Wanda ya rubuta wata da shekara da wuri da adadi kuwa bai yabi kansa ba, shaida ya bayar, kuma ana iya buga waya a tabbatar.

Ga misali. Maimakon a rubuta «ta yi aikin lafiya a karkara», a rubuta: daga Yuli zuwa Oktoba 2023, mai raba maganin rigakafin zazzaɓi ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 a ƙauyuka 6 na gundumar Mirya, tana cike rajista kullum, tana kai wa majo, shugaban asibitin yankin, rahoto. Layi biyu ne kawai, amma ni mai karatu na san ta iya tafiya ƙauye cikin damina, ta iya shiga gida ta shawo kan uwa, ta iya riƙe lissafi, kuma akwai majo da zan tambaya. Ku riƙe wannan ma'auni a kowane aiki: ina, yaushe zuwa yaushe, me ya yi, nawa. Adadin ya zama na gaskiya; in yaron bai tuna ko ƙauyuka 6 ne ko 8 ba, ku bar shi ya ƙirga su da suna a gabanku. Kuma a fara da na baya-bayan nan a gangara zuwa na da, haka ma karatu: diplom mafi girma a sama. Wanda yake da lisans ba ya buƙatar sunan makarantar firamarensa.

Akwai wata yarinya da ba zan manta ba. CV ɗinta shafi uku ne, babu komai a ciki sai makarantu da jerin darussan da ta ɗauka. Ba don ɗaya daga cikinmu ya nace a cike adadin mata ba, da ba a kira ta ba. Da ta zauna a gabanmu sai muka gano mahaifiyarta ƴar Gure ce, tana jin Barbarci kamar Hausa, kuma ta yi watanni tana fassara tsakanin ungozoma da matan da suka zo awo. Aikin da muke ɗaukar mutane dominsa a gabashin jiha yake. Na ce mata: «Ƴata, me ya hana ki rubuta wannan?» Ta ce ba a tambaye ta ba, kuma ta ɗauka harshen gida ba ya shiga CV.

Yana shiga, ƙannena. A jihar da ake Barbarci a Gure, ake Buzanci a Tanut, ake Fulatanci a rugage, ake Tubanci a Tesker, harshen gida na iya zama abin da zai raba gardama tsakanin mutum biyu masu diplom iri ɗaya. Hausa ma a rubuta ta, musamman in mutum ya iya rubuta ta da ƙa'ida, ba magana kaɗai ba. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki, don haka babu dalilin da za a ci gaba da ɓoye ta a ƙarshen shafi kamar abin kunya. Wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya har yana karanta Larabci yana fahimta, a sa. Wanda ya yi fatauci zuwa Kano har Ingilishi ya zauna masa a baki, a sa, amma a faɗi iyakarsa: yana ji, yana magana, ko yana rubutawa.

Wannan ya kawo ni ga maganar ƙari. Na san da kyakkyawar niyya kuke yi. Kuna ganin shafin ya yi fayau, sai ku ce bari a taimaka masa, a sa ya ƙware a Word da Excel da intanet, a sa Ingilishinsa mai kyau ne. Na taɓa zaunar da wani saurayi gaban kwamfuta na ce ya haɗa mini jimillar layi goma a Excel, tun da takardarsa ta ce ya ƙware. Ya daɗe yana kallon allon, gumi yana keto masa, daga ƙarshe ya ce: «Hajiya, wallahi mai buga takardar ne ya sa.» Na yarda da shi. Amma abokan aikina sun riga sun ja layi a kan sunansa, kuma daga wannan lokaci ko gaskiyar da ke cikin takardar ba wanda ya sake yarda da ita. Abin takaicin shi ne aikin ba ya buƙatar Excel sosai. Da an rubuta cewa ya iya cike tambayoyi a waya da KoboCollect, wanda ya iya ɗin, da ya wadatar. A ƙasan CV da yawa kuna sa layin nan da mutum ke rantsuwa da mutuncinsa cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne, ya sa hannu. Ku tuna shi zai sa hannun, shi zai zauna gaban masu tambaya, ku kuna shago.

Sai ƙananan abubuwa da ke kashe dosiye ba a sani ba. Suna na farko. Sunayenmu a rubutun Faransanci ba su da tsayayyen kama: Mahamadou a takardar haihuwa, Mahamane a diplom, Mohamed a CV, Issoufou a nan, Youssouf a can. Ku buga suna harafi-harafi yadda yake a takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, haka ma ranar haihuwa, ko da 1 ga Janairu ce da aka yanka masa a kotu. In kun ga takardunsa sun saɓa wa juna, ku gaya masa tun yanzu ya je ya gyara, kada sai an zaɓe shi a tsaya a kan wannan. Lambar waya ku kira ta a gabansa ku ji ta shiga, ku sa ta biyu ta wani na gida wanda ba ya kashe waya. Mun sha kiran mutum sau uku a ji a rufe, mu wuce ga na bayansa. Adireshin imel kuwa, in ku kuka buɗe masa, ku ba shi kalmar sirrin, ku nuna masa yadda zai duba a wayarsa; gayyata ta sha kwana a akwatin da mai shi bai taɓa buɗewa ba. A sa sunansa na gaskiya a adireshin, ba laƙabin fada ba. Hoto, in sanarwa ta nema, a sa irin na katin shaida, kada a yanko daga hoton biki ko na sallah. Ƙabila da addini ba su da gurbi a CV. Mutanen da za a sa a matsayin masu ba da shaida kuma, ku tambayi yaron ko ya sanar da su. Abin kunya ne mu kira malami ya ce bai tuna da wannan suna ba.

In ta intanet za a aika, ku mayar da takardar PDF, ku raɗa mata sunan mai ita. Wanda ke zaune a Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, yana buɗe saƙo ɗari, in ya ga hoton takarda da aka ɗauka a karkace da waya aka turo, ba zai wahalar da idonsa ba. Ku kuma tuna wa yaron cewa CV ba ita ce dosiye duka ba: yawancin sanarwa suna neman wasiƙar neman aiki, kofen diplom mai hatimi, takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, kasiye, wato takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum, wanda bai wuce wata 3 ba, sau da yawa har da katin ANPE. Ku bi jerin tare da shi da yatsa.

Yanzu bari in taɓa inda ke da ciwo. Na san shafi-shafi ake biyan ku, saboda haka CV mai shafi huɗu ta fi mai shafi ɗaya kawo kuɗi, kuma zama da mutum rabin awa ana tambayoyi yana nufin wasu biyu sun gaji da jira sun tafi shagon gaba. Ba zan ce ku yi aikin banza ba, kuna da haya da tawada da iyali. Shawarata ita ce ku raba farashi. Buga takarda daban, rubuta CV daban, ku faɗa wa mutum tun farko cewa wannan zama ne za a yi, ga kuɗinsa. Wanda ya fara aiki yanzu shafi ɗaya ya ishe shi, mai shekaru a aiki biyu. Matashin da aka kira shi ganawa saboda takardar da kuka yi masa ba zai yi shiru ba, duk fadarsu za ta sani, kuma wurinku za su zo.

Wasu cikinku za su ce, kamar yadda yaran ke cewa, duk wannan wahalar banza ce, aiki a ƙasar nan sai da hanya, sai kana da wani a sama. Ba zan yi muku ƙarya in ce babu wannan ba. Na gani, ya kuma ɓata mini rai. Amma na zauna a ɗakunan da babu wanda ya bugo waya, inda aka bi jadawali maki-maki, kuma a irin waɗannan ɗakuna na ga ɗan talaka ya faɗi saboda takardarsa ba ta faɗi abin da ya iya ba. Mai hanya ba ya buƙatar CV mai kyau. Wanda ke zuwa wurinku da diplom a leda, wanda uwarsa ta sayar da akuya aka biya masa kuɗin rajista, ba shi da kowa a ɗakin nan sai wannan shafi.

Akwai kuma amanar da ke cikin kwamfutocinku. Takardun haihuwa, diplom, hotuna da lambobin wayar ƴaƴan mutane, musamman ƴan mata, suna nan jibge a inda duk wanda ya zauna zai iya buɗewa. Ku ba kowa nasa a waya ko a kile USB, ya iya gyarawa gobe in wata sanarwa ta fito. Abin da ya rage a wurinku ku kulle shi ko ku goge, kada CV ɗin wani ta zama samfurin da za a yi wa na bayansa.

Roƙona na ƙarshe ba ya cin ko dala. Kafin ku danna a fitar da takarda, ku juya allon ga mai ita, ku karanta masa layi-layi, ku fassara masa da Hausa in Faransancin ya yi masa nauyi. A kowane layi ku tambaye shi: «Haka ne? In an tambaye ka wannan, za ka iya bayani?» Inda ya yi jim, ku tsaya ku gyara ko ku cire. Inda ya ce «af, na manta ban gaya maka ba», ku saurara da kyau, ku buɗe masa sabon layi a sama.

Allah ya sa albarka a sana'arku, ya buɗa wa yaranmu.

Yayarku,
daga unguwar Birni, Damagaram.